Ni Ce Hujjar Baffa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Baffa ya koma. Ina wannan rubutun, amma ba baƙin ciki ne kaɗai ke damuna ba. Tsoro nake ji. In na zo wurin zan faɗi na mene ne.

Baffa wan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Farfesa ne a jami'a, yana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam. Abin da ya ƙarar da ƙarfinsa a kai shi ne gano yadda ƙwaƙwalwa take aiki a lokacin da mutum ya gaskata wani abu, ko ya ji tsoronsa, ko ya zauna yana addu'a. Bai taɓa yarda ya koma gidajen malaman jami'a ba. A gidan gado na Kabara ya zauna, cikin lungun da mota ba ta shiga, sai dai ya ajiye ta a bakin titi ya taka. A nan aka yi zaman makokinsa, a nan kuma na ji abin da mutane suka daɗe suna haɗiyewa.

Abin da maza suka faɗa a waje ban sani ba. Mata kam ina cikinsu. Mace za ta shigo da sallama, ta durƙusa gaban Hajiya, matar Baffa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya jiƙansa." Shi ke nan ta sauke nauyi. Da ta ja gefe ta gyara zama sai a fara ta gaskiya, ƙasa-ƙasa.

"An ce jini ne ya fashe masa a ka."

"A ƙwaƙwalwa?"

"A ƙwaƙwalwar dai."

"Ikon Allah. Ita ɗin da ya mayar alƙibla."

Wata tsohuwar maƙwabciya ta tambaya ko limamin unguwa ne ya yi masa salla, ko kuwa wani aka samo. Aka ce liman ne. Ta ce, "To, ai shi liman mutum ne mai haƙuri." Wata ta tambaya ko ya samu cikawa da kalmar shahada. Ta kusa da ita ta ce, "Bakin da ya karkace, wa zai ce ya ji?" Na sha zuwa gidajen rasuwa. Ko wanda unguwa ta gaji da shi ne ya mutu, ba a rasa mai cewa ai yana da kirki ta wani wajen. A gidan Baffa ban ji ba. Goggo, ƙanwarsa da ke bin mahaifina, ta yi kuka na gaske har muryarta ta dushe, amma tana share ido abin da take maimaitawa shi ne, "Allah ya yafe masa abin da ya yi wa mutane."

Kada wani ya ɗauka wanke shi na zo yi. Wallahi duk matan nan babu wadda ta kai ni jin haushinsa. Sai dai su ƙarya suke yi masa. Abin da na sani ya fi ƙaryar tasu muni ta wani gefen, ya fi ta kyau ta wani gefen, kuma ba na so a haɗa shi duka a binne.

Ina da farfaɗiya. Ina ƙaramar sakandare ta fara. Sai in ji ƙaurin roba tana ƙonewa alhali ba wanda ya ƙona komai, daga nan ban san komai ba sai in farka a ƙasa, harshe ya fashe, mutane can nesa suna leƙena. A gidanmu na Gwale aka ware min kwano da kofi. Umma da kanta ta ɗaura jan zare a mariƙin kofin, tana ɗaurawa tana kuka. Goggo ce ta kawo maganar wani malami a bayan gari, aminin mijinta, wanda aka ce aljani ba ya kwana a hannunsa. Baffa ya yi tafiya a lokacin. Abba ya yarda.

Ba zan tsawaita a kan gidan nan ba. Akwai ɗaki marar taga. Akwai kaskon wuta da ake zuba barkono da wasu saiwoyi. Akwai tiyo na ruwa da aka yanke guntu. A cewar malamin ba ni yake duka ba, na cikina yake duka. Yana zabga min yana tambaya, "Mene ne sunanka? Daga ina ka zo?" Da na ga ba zai daina ba sai na ƙirƙiro wani suna na ba shi, na ƙara da sunan wani dutse da muka karanta a makaranta. Aka aika gida da albishir cewa aljanin ya yi magana.

Ranar da Baffa ya dawo ya ji, ko ruwa bai sha ba. Ina kwance na ji muryarsa a tsakar gidan malamin.

"Ina 'yar ƙanena?"

"Farfesa, ai aiki bai ƙare ba. Ya kusa fita."

"Aiki ya ƙare. In hannunka ya sake sauka a jikinta, da 'yan sanda zan dawo, su ma su tambaye ka sunanka."

Ya saɓe ni a kafaɗa, dattijo da shi, ya kai ni mota. Asibiti muka wuce. Aka manna min wayoyi a ka, aka rubuta magani. Da na fara shansa sai faɗuwar ta ja baya, har na gama sakandare ba ta same ni ba sai jefi-jefi. Wannan gaskiya ce, duk mai son ya musa ya zo ya same ni.

Amma ku ji abin da ya yi da muka fito daga asibiti. Ya kai ni gida, ya tarar da Abba a zaure tare da mutanen unguwa da suka zo jin yadda ake ciki. Bai ja shi gefe ba. A gaban kowa ya ce, "Allah ya ba ka amana, ka kai ta a daka kamar gero. Kai ban da awon yadi me ka sani? Jahili." Abba yadi yake sayarwa a kasuwa, da kuɗin yadin nan ma aka taimaka wa Baffa lokacin da yake karatu. Abba bai ɗaga kai ba. Cewa kawai yake, "Yaya, ka yi haƙuri." Baffa ya sake cewa jahili. Tun daga ranar Abba ya cire hannunsa daga ciwona. In na ce kaina yana juyawa sai ya ce, "Ki gaya wa Baffanki." Ko sunan maganina bai sani ba. Baffa ne mai kai ni asibiti, shi ke karɓo magani, shi ke magana da likita da Turanci ina zaune kamar buhu. Kuma haka yake so. Bai taɓa cewa Abba ya biyo mu ba, bai taɓa cewa ni in riƙe katin asibitina ba.

A wannan ranar dai ya shiga cikin gida ya ce a ba shi ruwa. Umma ta kawo a kofin baƙi. Ya ture shi, ya ɗauko nawa mai jan zare, ya kamfata a randa ya shanye. Sai ya tsaya tsakiyar tsakar gida ya buɗe hannuwa ya ce, "To, ku jira in faɗi." Ba wanda ya yi motsi. Ya tsinke zaren da haƙori ya tofar. Daga ranar na koma cin abinci da ƙannena. Alheri ne, na sani. Amma haka alherinsa yake, sai ya bi ta kan wani kafin ya iso gare ka. Umma kwana ta yi ba ta iya kallon kowa ba.

Masu cewa bai yarda da aljanu ba ƙarya suke. Ni na ji shi da kunnena yana cewa, "Suna cikin Alƙur'ani, ni wane ne in ce babu su? Amma ba su da aikin yi ne sai 'yan matan sakandare?" Masu cewa ba ya salla su tambayi ladan wa yake tararwa a bakin masallaci da asuba. Laifinsa ba ya barin magana ta wuce. Ka ce ka ga farar mace a gindin tsamiya, sai ya gyara gilashi: "Wa ya gani? Yana jin yunwa ko barci a lokacin? Wa ya fara ba shi labarin tsamiyar?" Ka ce dannau ya danne ka, sai ya ce ƙwaƙwalwarka ce ta riga jikinka farkawa, ta ji jiki ba ya motsi, ta firgita, ta ƙera maka wanda ya zauna a ƙirjinka. Bayanin yana da daɗin ji. Amma ba zai tsaya nan ba, sai ya ƙara da, "Kai ma ka rage cin tuwo da dare kamar jaki."

In Babbar Salla ta zo, bayan an yanka ragonsa, shi ke fasa kan da kansa. Ya ɗora ƙwaƙwalwar a faranti ya tara mu. Da tsinken tsintsiya yake nuni. Nan ne tsoro yake tashi. Nan ne ake ajiye abin da ya wuce. Hajiya tana tsaye da kasko tana cewa, "Malam, man ya yi zafi, ka ba ni abina." Shi kuma yana cewa, "Bari su ga ikon Allah kafin ki soya shi." Hajiya ba ta taɓa bin ra'ayinsa ba. Tana shan rubutunta, tana turara ɗakinta, in ya yi surutu ta ce, "Kai ka auna, ni in sha."

Binciken da ya haɗa shi da unguwa shi ne na hular wayoyi. Wata hula ce ta roba mai igiyoyi da yawa, ana jona ta da kwamfuta. Ya roƙi dattawan da suka saba wuridi su zo soronsa, a sa musu hular, su ja carbinsu kamar kullum. So yake ya ga me ke faruwa a kan mutum in ya nutsu da ambaton Allah. Abin da ya gani ya faranta masa rai, har gidanmu ya zo yana faɗa kamar yaro: numfashi yana lafawa, zuciya tana sassautawa, wurin tsoro yana yin shiru. Ya ce, "Imani magani ne, na gani da idona. Amma ba na kowace cuta ba." Mutane rabin farko ba su ji ba, na ƙarshen suka riƙe. Aka fara cewa Farfesa yana auna imanin mutane da inji.

Mijin Goggo yana cikin waɗanda aka sa wa hular. Mutum ne da ake ganin girmansa, carbinsa har ƙasa yake ja. Da aka gama ya ce cikin raha, "To Farfesa, nawa imanina ya kai?" Baffa ya ce, "Na'urata ba ta ganin imani, Malam. Jiki take gani." Da ya yi shiru a nan da an rabu lafiya. Sai ya juya kwamfutar ga sauran dattawan ya ce, "Ku dai wuridi kuka yi. Shi wannan, daga nan zuwa nan, barci ya yi." Aka yi dariya har da masu riƙe ciki. Labarin ya zaga masallaci da majalisa. Mijin Goggo bai sake taka gidan ba sai ranar jana'iza.

Yanzu na zo wanda ya fi min wuyar rubutawa.

Ina ajin ƙarshe na sakandare, wata rana ya ce in shirya zan raka shi jami'a. Murna nake, na ɗauka makarantar zai nuna min don in yi sha'awa. Na sa sabon hijabina. Ya shigar da ni wani babban ɗaki mai hawa-hawa cike da ɗalibai, maza da mata, ya ajiye kujera a gaba ya ce in zauna. Aka kashe fitila, aka kunna majigi. Sai ga ni a jikin bango, ƙatuwa. A falonsa ne, wata rana da na faɗi. Ashe ya juya ni gefe ya sa min matashi, sannan ya ɗauko waya ya tsaya yana ɗauka. Ɗankwalina ya fita. Zanena ya zame. Bakina yana kumfa, ina wata magana da ba ta da kai. Har inda fitsari ya biyo tabarma bai yanke ba.

Aka kunna fitila. Ya ce, "Wanda ya ce aljani ne ya ɗaga hannu." Fiye da rabin ajin suka ɗaga. Ya yi murmushi. Daga nan ya shiga bayani, yana zane a allo, yana nuna gefen kaina da alli. Nan wutar ke tashi. Shi ya sa take jin ƙauri. Shi ya sa bakinta ke motsi. Ya ba su labarin sunan da na ƙirƙira wa malamin, ya ce in maimaita, na maimaita, aka yi dariya. Ya ce, "Kun ga yadda ake haifar da aljani da tiyo." Da ya sake tambaya a ƙarshe, hannuwa kaɗan ne suka tashi. Aka tafa masa.

A mota na ce, "Baffa, kaina ba ɗankwali."

Ya ce, "Ba gashinki suke kallo ba, ƙwaƙwalwarki suke kallo. Yau kin ceci yara da yawa daga wancan ɗakin."

"Ba ka tambaye ni ba."

"Da na tambaye ki za ki yarda?"

"A'a."

"To kin gani."

Ya tsaya wajen Ƙofar Ɗan Agundi ya saya min gurasa da tsire. Ban ci ba. Ban kuma gaya wa kowa a gida ba, don na san in maganar ta fita za a raba ni da shi, in an raba ni da shi an raba ni da magani. Shi ma ya san haka. Abin da ba zan manta ba ke nan. Ni ce hujjarsa. Da jikina ya ci gardamar da yake yi da garin nan.

Sau ɗaya tak na gan shi ba Farfesa ba. Na faɗi a gidansa bayan wannan, na farfaɗo amma ban iya buɗe ido ba. Na ji hannu a goshina, na ji ana karanta Ayatul Kursiyyu a hankali, ana maimaitawa. Muryarsa ce. Da na warware na ce, "Baffa, ai ka ce ba aljani ba ne." Ya cire gilashi ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Ba dominki na karanta ba. Don kaina na karanta. Ni ma tsoro nake ji." Sai ya miƙe ya ce in daina kwanciya kamar gawa in je in wanke fuskata.

Ranar da ya faɗi a banɗaki aka kwashe shi zuwa asibiti, maganina saura kaɗan. Maganin ya ƙare Baffa yana kwance. Na gaya wa Umma, ta ce in bari a ga yadda jikin Baffana zai yi, ba yanzu ake tayar da wannan maganar ba. Da aka kai mu dubiya ya ƙura min ido, ya ɗaga hannun da ke motsi ya taɓa leɓensa. Na gane maganina yake tambaya. Na sunkuya na ce, "Ya ƙare, Baffa." Ya juya ga Abba, bakinsa yana ta kokawa, ba abin da ke fita sai gurnani. Abba ya ce, "Ku miƙo ruwa, Yaya ƙishi yake ji." Baffa, mutumin da bai taɓa rasa abin faɗa ba. Ina Abba zai san me yake nufi? Shi da aka kora daga maganar tun shekaru.

Ranar sadakar uku malaman jami'a da ɗalibai suka zo gaisuwa. Matan cikinsu suka shigo wurin Hajiya. Ina miƙa musu ruwa sai wata ta riƙe hannuna, fuskarta cike da fara'a. Da zuciya ɗaya ta yi, na sani.

"Lah, ke ce 'yar laccar Farfesa! Wallahi har yanzu ana nuna bidiyonki duk shekara. Ni dalilinki na kai ƙanwata asibiti."

Goggo ta ce, "Wane bidiyo?"

Matar ta fara bayani, ta lura da fuskoki, ta yi shiru, amma ta riga ta faɗi abin da ya isa. Ni kuma a lokacin na ji ƙaurin roba. Na so in kai ɗaki. Ban kai ba.

Da na farfaɗo mata duk sun manne da bango, wasu sun toshe hanci da mayafi. Hajiya ce kaɗai a durƙushe, ta juya ni gefe ta lulluɓe ni da zanenta. Muryar Goggo nake ji a sama.

"Kun gani ko? Ɗaure aljanun kawai ya yi da ƙwaya. Ya tafi, sun dawo. Bayan ya gama tallan tsiraicin yarinya a gaban ƙartin duniya. A kira min Yaya ƙarami."

Abba take nufi. Aka kira shi. A nan soro suka yanke, shi da ita da mijinta: da an yi sadakar bakwai za a mayar da ni gidan malamin ya ƙarasa aikin da aka katse. Sharaɗin malamin ɗaya, kada a sake ba ni ƙwayar asibiti, wai ita ce ke ɓoye masa su.

Na samu Abba shi kaɗai na durƙusa. Na ce, "Abba, ƙarewa maganin ya yi, shi ya sa. In na koma sha ba zan faɗi ba."

Ya ce, "Haka shi ma Baffanki zai ce."

"Abba, dukana za a yi."

Ba faɗa a muryarsa. Ya ce, "Shekara da shekaru na yi shiru aka yi yadda aka ga dama da 'yata, har aka nuna ta a bango. An ce ni jahili ne. To jahilin ne ya rage miki."

Kun ji abin da Baffa ya bar min. Ya bi mutanen da ke da iko a kaina ɗaya bayan ɗaya ya kunyata su, sannan ya mutu ya bar ni a hannunsu. Kwanakin nan ban iya cin abinci ba. Ko hayaƙin murhu na shaƙa sai in tuna kaskon barkonon malamin.

Ranar sadakar bakwai aka yi addu'a da safe, aka raba waina, jama'a suka fara watsewa. Mijin Goggo ya tsayar da mota a bakin lungu. Goggo ta ce, "Ɗauko mayafinki. Shiga ki sallami Hajiya mu tafi." Ta biyo bayana har ɗakin.

Hajiya tana zaune a tabarma ta shiga takaba, ba kwalli ba turare, hijabi ɗaya mai duhu. 'Ya'yanta duk maza ne, don haka an shirya wata ƙanwarta ce za ta zauna da ita har ta fita, kamar yadda ake yi, tunda ba a barin mai takaba ita kaɗai. Na durƙusa a gabanta. Ta dube ni, ta dubi Goggo.

Ta ce, "A kira min babanta."

Abba ya zo ya tsaya bayan labule ya yi sallama.

Hajiya ta ce, "Na sallami ƙanwata, mijinta ba shi da lafiya. Wannan yarinyar nake so ta taya ni zaman takaba. Ita ta saba da gidan. Ka bar min ita."

Goggo ta ce, "Haba Hajiya! Mai faɗuwa? Wa zai kula da wa?"

"Shekara talatin da ɗoriya na zauna da wanku. Faɗuwa ce za ta ba ni tsoro?"

"An riga an yi wa malam magana. Ga mota can tana jira."

"A ba mai motar haƙuri. Mijina ko kwana goma bai yi a ƙasa ba. Abu ɗaya na roƙa a gidan nan. In za a hana ni, a faɗa min da baki in ji."

Ba wanda zai faɗa. A dangi irin namu, a ce matar wanka tana cikin takaba ta roƙe ka 'yar taya zama ka hana, ba za ka sake iya ɗaga kai a taro ba. Na ji Abba ya sauke numfashi a bayan labule. Ban sani ba ko na takaici ne ko na samun sauƙi. Ya ce, "Taki ce, Hajiya. Allah ya ba da haƙuri." Na ji takunsa yana nisa.

Goggo ta gyara mayafi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Takaba dai tana ƙarewa."

Hajiya ta ce, "Na sani. Ranar ku dawo mu yi magana."

Da la'asar babban ɗanta ya shigo da leda daga kemis da katin asibitina da ya tono a motar Baffa. Hajiya ta miƙa min katin ta ce in riƙe abina, in haddace sunan maganin kamar Fatiha, mako mai zuwa kuma in shiga wurin likita in yi magana da bakina. Ta ce wa ɗan nata in ya je jami'a kwaso kayan babansa ya ce a goge bidiyon nan, ita matar marigayi ta ce. Sannan ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta sa min a tafin hannu, ta turo min kofin rubutunta.

"Haɗiye da wannan. Ba ya nan balle ya yi surutu."

Na haɗiye.

A ɗakinta nake wannan rubutun. Kullum in na ji sallamar mace a zaure sai gabana ya faɗi, in ɗauka Goggo ce. Abba ya zo sau biyu ya gaida Hajiya ta bayan labule. Zuwansa na biyu, da zai tafi, ya tambaye ta ko ina shan abin. Abin, haka ya ce. Ban san me zai yanke ba in watannin nan suka cika, ina jin shi ma bai sani ba.

Jiya muna tsince shinkafa Hajiya ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Kin yafe masa?"

Na ce, "Ban sani ba, Hajiya."

Ta ce, "Ni ma akwai waɗanda ban gama yafe masa ba. Muna da sauran watanni."

Allah ka jiƙan Baffa. Ka saka masa da ɗaukar da ya yi min a kafaɗa, ka haskaka kabarinsa, kada ka kama shi da ƙaryar da ake yi masa. Abin da ke tsakanina da shi kuwa, ya Allah, ka ɗan jira ni.